Man birkin BMW 330i: littafin aiki daga ƙarshen damina zuwa hunturu

7 ga Satumba, 2024

Motar BMW 330i ce, samfurin E46, ƙirar 2003, mai giyar hannu. Injinta M54 ne mai silinda shida a jere, lita uku, ƙarfin doki 231. Fayafayan birkinta na gaba milimita 325 ne, na baya 320, wato dai kamfanin bai yi mata rowa ba ta wannan ɓangaren. Ta zo hannuna babu wata takarda da ke nuna ranar da aka canza mata man birki, alhali ƙa'idar BMW ita ce a canza shi duk shekara biyu, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye a gareji.

Yau na buɗe kofin man. Sabon man birki fari ne tas ko kuma ya ɗan yi rawaya. Wannan ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ga baƙin datti kwance a ragar da ke bakin kofin. Na tsoma na'urar nan mai siffar biro da ke auna ruwan da mai ya sha, fitilunta suka kama har ta ƙarshe, ja, wadda ke nufin kashi 4 cikin ɗari ko fiye.

Ba na ɗaukar maganar biron nan a matsayin hukunci. Ba ruwa yake aunawa kai tsaye ba, yana duba yadda lantarki ke ratsa man ne, kuma sinadaran da kowane kamfani ke zubawa suna sauya wannan lissafi, shi ya sa wani lokaci yakan nuna ja a kan man da ba a daɗe da zuba shi ba. Na'urar da ta fi gaskiya ita ce wadda ke ɗumama man har ya tafasa ta nuna digirin. Amma idan launi ya ɓaci, biro ya yi ja, takarda kuma babu, ai ba sai an kira shaida na huɗu ba. Za a zubar da shi duka. Abin da ya rage shi ne wanda za a zuba a madadinsa.

11 ga Satumba

Dalilin da ya sa ba zan tsaya a kan kowane mai da ke kanti ba shi ne hanyar Jos. Ina yawan binta daga Abuja, ta Keffi da Akwanga, kuma dawowa dole a sauko Hawan Kibo. A saukowar ƙarshe da na yi, ina bayan wata tirela, ƙafa ba ta bar birki ba, can wajen gindin gangaren feda ta yi laushi, ta ƙara nisa kafin ta kama. Na famfa ta dawo. Bayan na ɗan tsaya ta huce, sai ta koma kamar babu abin da ya faru.

Mutane kan ce birki ya yi zafi su tsaya nan, amma abubuwa biyu ne daban, maganinsu ma daban. Idan takalmin birki ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, feda tana nan da tauri, kana dannawa da ƙarfi amma mota na ci gaba da tafiya, ga ƙauri yana shigowa ta taga. Idan kuwa mai ne ya tafasa, feda ce ke nutsewa. Birkin mota gaba ɗayansa ya dogara ne a kan cewa ruwa ba ya matsuwa: ka danna a nan, ƙarfin ya isa can. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar kumfa ta samu a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai, ƙafarka za ta ƙare tafiyarta wajen matse kumfar, fistin bai motsa ba.

Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne lokacin da yake zuwa. Muddin ƙafa na kan feda, man yana cikin matsi, matsi kuma yana hana tafasa. Sai ka ɗaga ƙafa, matsin ya sauka, sannan ya tafasa. Wato birkin da ya gabata lafiya lau ya kama, na gaba ne zai ba ka kunya, ba tare da sallama ba.

Na ɗan yi lissafi a takarda don in ga girman zafin. Motar ta kai kilo 1,500. Tsayar da ita daga gudun kilomita 100 a awa yana mayar da kimanin kilojul 580 zuwa zafi. Daga 200 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Gangare kuma, kowane mita 100 na tsayin tudu da aka sauko yana ba da kusan kilojul 1,470, daidai da tsayawa biyu da rabi daga gudun 100, sai dai a nan tafiyar a hankali ake yinta, babu iskar da za ta hura fayafayan. Shi ya sa gangare a bayan tirela ya fi gudu a kan miƙaƙƙiyar hanya cin birki. Rabin maganin ba a kwalba yake ba, a giya ta biyu da ta uku yake.

21 ga Satumba

Makon nan karatun jikin kwalabe na yi.

Kalmar DOT da ke jikin kowace kwalba ta ma'aikatar sufuri ta Amurka ce, ƙa'idar kuma ita ce FMVSS 116. Kowane aji yana da lambobi biyu na tafasa a ma'aunin Salshiyos: ɗaya a bushe, wato sabon mai daga kwalba, ɗaya a jiƙe, bayan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari. DOT 3 dole ya kai 205 a bushe, 140 a jiƙe. DOT 4 kuwa 230 da 155. DOT 5.1 shi ne 260 da 180. Waɗannan mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi ne. Kamfani na iya wuce su nesa ba kusa ba, kuma har yanzu ya rubuta DOT 4 a kwalbarsa. Kusan duk man tseren da ake ji da su a wannan ajin suke.

Dukkan ukun nan tushensu gilaikol ne, kuma gilaikol yana jan danshi daga iska. Ba aibu ba ne, da gangan ne: ruwan da ya shiga yana narkewa ya bazu a cikin man gaba ɗaya maimakon ya taru wuri guda ya ci ƙarfe ko ya tafasa a digiri 100. Ta murfin kofi yake shiga, yana kuma ratsa jikin tiyon roba a hankali, ko babu inda ke ɗiga. Kowane ɗigon da ya shiga yana rage digirin tafasa.

To a nan ne nake ganin masu motocin gudu ke ruɗuwa. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwalba ta bushe ce, kuma ita ce ke sayar da kaya. Amma man da ke motarka a bushe yake na ɗan lokaci kaɗan bayan an zuba shi. Daga nan ya kama hanyar zuwa lamba ta biyu, damina guda a Abuja kuma tana kai shi nesa. Mai tsere da ke canza mai kafin kowace gasa yana rayuwa ne a kan lambar farko. Ni da zan bar shi shekara guda a mota, lamba ta biyu ce tawa.

Huɗu na jera.

Motul RBF 600 yana da 312 a bushe, kimanin 205 a jiƙe, a kwalbar rabin lita. Yayansa RBF 660 ya haura 320 a bushe, amma a jiƙe kusan wuri ɗaya suke da ƙanin. Wato ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu duk a kan lambar farko ya tafi.

Castrol SRF daban yake da kowa. A bushe ya wuce 300 kamar sauran, a jiƙe kuwa 270, lambar da ta fi abin da ake nema ga sabon DOT 5.1. Haɗinsa ba irin na sauran ba ne, kuma babu gardama shi ne sarki a wannan fage. Kuɗinsa ma na sarauta ne. Lita guda tana sayen litocin man kamfanin ATE da dama. Yana haɗuwa da sauran DOT 4 ba tare da ɓarna ba, amma duk wanda ya ƙara masa wani ya zubar da abin da ya biya. A garin da yaron shago zai iya buɗe maka bonet ya ciko maka kofi da abin da ke hannunsa don kyautatawa, wannan abin dubawa ne.

ATE Typ 200 yana da 280 a bushe, 198 a jiƙe, a gwangwanin ƙarfe na lita guda. A duba da kyau: tsakaninsa da RBF 600 a bushe digiri 32 ne, a jiƙe kuwa bai kai goma ba. ATE ne kuma suka ƙera birkin motar nan tun asali. Tsofaffin masu BMW za su tuna da Super Blue, wanda shi ne wannan man sak, an dai rina shi shuɗi. Sukan zuba shuɗi bana, rawaya baɗi, don su ga lokacin da sabon ya iso ƙarshen bututu. A 2013 aka janye shi daga kasuwar Amurka, ba don ya gaza ba, sai don ƙa'idar ta ce man gilaikol ya kasance fari zuwa rawaya.

Na huɗu shi ne mai ruwa-ruwa, wato marar kauri, irin ATE SL.6 da wanda BMW ke sayarwa yanzu da sunanta, ajin da ƙa'idar ISO 4925 ta kira na 6. An yi shi ne don na'urorin ABS da DSC masu hana taya kullewa da mota zamewa, waɗanda ke tura mai ta ƙananan ƙofofi cikin ƙiftawar ido. Wannan ya ɗan tsayar da ni, domin motar tana da DSC. Sai dai ana auna kaurin man ne a digiri 40 ƙasa da sifili: DOT 4 na yau da kullum an yarda ya kai 1,800, mai ruwa-ruwa kada ya wuce 750. Damuwar mutumin Suwidin ce da na Kanada. Ko a Jos cikin tsakiyar Janairu ba za a kusanci inda wannan bambanci zai yi aiki ba, SL.6 kuma yana ƙasa da Typ 200 a lambobin tafasa biyun.

Na tsaya a kan Typ 200, lita biyu, da sharaɗin canzawa duk shekara bayan ɗaukewar ruwa. Da a ce motar tana shiga filin tsere kowane wata, da SRF zan saya ban ko taya ba. Ga abin da take yi yanzu, gwangwani mai sauƙin kuɗi da ake sabuntawa a kan kari ya fi kwalba mai tsada da mutum zai ji ƙyashin zubarwa har ta shekara uku. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

28 ga Satumba

Na leƙa wurin bakanikena a Apo don mu tsara aikin. Dattijo ne, ya daɗe a kan motocin Jamus, kuma hannunsa na da kyau. Da na gaya masa abin da na zaɓa, sai ya ce, "Alhaji, in dai ruwa ne matsalar, me ya hana ka sa DOT 5? An ce shi ba ya shan ruwa sam."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba, ba ya sha. To ruwan da ya shiga ina zai je?"

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce, "Ƙasa zai gangara, cikin kalifa."

Nan ne kuwa wurin da ya fi ko'ina zafi. DOT 5 silikon ne, launinsa shunayya, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4 ko 5.1 duk da kusancin lambar. Yana riƙe ƙananan kumfa, yana ba da feda mai laushi, famfon ABS kuma yana kaɗa shi ya ƙara kumfar. Yana da wurinsa a tsofaffin motocin ajiya da wasu babura, domin ba ya cin fenti. Ba a wannan motar ba.

Shi kuma ya ba ni nasa karatun, wanda ya fi nawa amfani. Ya ce abin da ya fi kawo masa motoci da lalataccen birki ba tsohon mai ba ne, kuskuren kofi ne: a zuba man sitiyari ko na giya a kofin birki. Robobin birki ba sa jure man da aka tace daga fetur, ko kaɗan ne. Suna kumbura, su toshe ƙofar da mai ke komawa kofi, birki ya riƙe da kansa. Daga nan babu wanki, sai canza duk wata roba daga masta, wato famfon da feda ke turawa, har kalifa. Ya ƙara da cewa in ka ga mai ya ja baya a kofi, kada ka yi saurin cikowa: ko takalma ne suka cinye fistin ya fito, ko kuwa akwai inda ke ɗiga, kuma cikowa ba ta gyara ko ɗaya.

12 ga Oktoba

Gwangwanaye sun iso. Wani shago ya so ya tsiyaya mini daga buɗaɗɗiyar jarka a farashi mai sauƙi, na yi godiya na wuce. Man da aka buɗe aka ajiye ya fara aikin shan iska tun a kanta. Na duba hatimin bakin kowane gwangwani da lambar ranar da aka cika shi. Wannan ne ma dalilin son gwangwanin ƙarfe: danshi ba ya ratsa shi yadda yake ratsa roba idan kaya sun daɗe a sito.

26 ga Oktoba

Mun ɗaga motar don dubawa kawai, ba mu buɗe komai ba. Tiyon gaba na dama ya tsattsage a kusa da inda ya haɗu da ƙarfe, kuma idan aka danna feda da ƙarfi ana ganin yana ɗan kumbura. Tiyon da ke kumbura yana satar wani ɓangare na tafiyar feda, komai kyan man da ke cikinsa. Zan canza su duka zuwa masu rigar ƙarfe saƙaƙƙiya da Teflon a ciki. Ba sa ƙara wa birki ƙarfi, duk da abin da masu sayarwa ke faɗa; feda ce kawai ke ƙara tsayuwa. Suna kuma buƙatar ido, domin lalacewarsu a ƙarƙashin rigar take ɓuya, kuma in suka goga da wani abu su ne ke cin abin.

Nifil, ɗan notin da ake kwancewa a fitar da iska, na baya na hagu ya ci tsatsa, hularsa ta roba ma ta ɓata. Mun fesa masa maganin tsatsa daga waje, muka bar shi. Na yi odar sababbi guda huɗu da hulunansu.

Ruwa ya ɗauke amma iska ba ta bushe ba tukuna. Tunda kayan ma ba su iso ba, zan jira hunturu. Bambancin ba mai yawa ba ne ga aikin da kofi zai kasance a rufe, amma kyauta ne.

16 ga Nuwamba

An yi aikin yau, hazo ya sauka, leɓe har ya fara tsagewa.

Da farko mun lulluɓe fenda da gefen kofi da tsumma, muka ajiye bokitin ruwa kusa. Man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci, kuma ruwa ne maganinsa, ba gogewa ba. Muka cire raga, muka zuƙe tsohon man da ke kofi da sabon sirinji. Babu amfanin tura wannan dattin ta cikin masta da na'urar DSC alhali ana iya kwashe shi daga sama. Muka cika da sabo.

Kafin kwance tiyo, Baba ya sa sanda tsakanin kujera da feda ya danne ta kaɗan. Wannan yana rufe ƙofar da ke tsakanin kofi da masta, sai man ya daina tsiyaya ko an buɗe bututu a ƙasa. Dabara ce ƙarama amma ita ce ke hana iska hawa har cikin DSC. Da sifana mai tsagaggen baki ta bututu aka kwance notocin. Sifana ta yau da kullum tana murje musu kusurwa. Nifil ɗin nan mai tsatsa ya yi gardama, aka ɗan bubbuga shi, aka juya gaba kaɗan sannan baya, ya saki bai karye ba. Alhamdu lillahi, domin in ya karye a ciki sai an sauke kalifa.

Wajen tura man ne muka ɗan ja da Baba. Shi ya saba da yaro a ciki yana famfa, shi yana ƙasa yana kira: famfa, riƙe, saki. Hanya ce mai aiki, amma ina gudunta a motar da ta haura shekara ashirin. A tuƙin yau da kullum fistin ɗin masta yana kai-komo ne a ɗan gajeren wuri. Can gaba, inda bai taɓa zuwa ba, datti da tsatsa sun zauna. Idan aka buɗe nifil aka kai feda har ƙasa, robar fistin tana bi ta kan wannan wurin, kuma da yawa daga mastocin da ke mutuwa mako guda bayan canjin mai a nan suke samun rauni. Na zo da tulun matsi mai murfin da ya dace da kofunan motocin Turai. Muka ba shi iska har ma'aunin matsi ya kai bar ɗaya; BMW ta ce kada a wuce biyu, kofin kuma tsoho ne, babu dalilin gwada shi. Baba ya zagaya tulun ya ce, "To, Alhaji, yau yaro ya huta."

Daga mafi nisa muka fara: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Tiyo mai haske a bakin nifil, ɗaya bakin a cikin kwalba. Na bayan farko ne ya fi cin mai, domin bututunsa ya fi tsawo kuma shi ke kwashe abin da ya rage a masta. Abin da ya fara fitowa baƙi ne, ya fi na kofi muni sosai, wanda ke nuna cewa gwajin da aka yi a kofi sassauci ma ya yi. A kowace ƙafa mun jira har launi ya washe kumfa ta ɗauke, muka bubbuga kalifa da gudumar roba, wasu ƙananan kumfa suka sake fitowa, sannan muka rufe. Nifil ba ya son ƙarfi, a matse shi ya zauna kawai.

Kuloci a wannan motar daga kofi ɗaya yake sha da birki, kuma bakin tiyonsa yana sama a jikin kofin. Wanda ya manta da shi ya bar tsohon mai a layi guda, yana komowa yana gauraya da sabon. Mun shiga ƙarƙashi muka tura shi ma ta nifil ɗin silindar da ke jikin giya. Wurin matsattse ne, hannun yaron ne ya shiga, ashe dai bai huta ba.

Lita guda da ɗan ƙari ta tafi. Notocin taya mun matse su a Nm 120, ma'aunin ƙarfin ɗauri.

18 ga Nuwamba

Feda ta fi da, amma akwai ɗan laushi a farkon dannawa, kuma dannawa ta biyu tana kamawa sama da ta farko. Alamar iska ce. Babu ɗigo a ko'ina. Na bi kowane haɗi da farar takarda.

Na'urar DSC ta motar MK60 ce, kuma a cikinta akwai ƙananan ɗakuna da ba sa buɗewa sai famfonta ya tashi. Tulun matsi ba ya isa can. Muka haɗa kwamfuta da motar, muka buɗe INPA, manhajar binciken motocin BMW, muka sa famfo da bawul-bawul su yi aiki ƙafa bayan ƙafa yayin da nifil ke buɗe. Ƙafafun baya ba su ba da komai ba sai ɗan mai mai duhu. Gaba na hagu ya fitar da jerin ƙananan kumfa. Bayan an sake zagayawa duka huɗun, feda ta tsaya a sama, da tauri, kuma in an danne ta an riƙe ba ta nutsewa.

7 ga Disamba

Gwaji, da sassafe, a kan hanya miƙaƙƙiya da babu kowa, babu mahaɗa, babu ƙauye a gefe. Na liƙa wa kalifofin gaba takardun nan masu canza launi da zafi. Daga 100 zuwa 20, a sake hawa, a sake sauka, ba hutu a tsakani.

Feda ba ta sauya wuri ba daga farko har ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne kamun: can wajen ƙarshe sai na ƙara ƙarfin ƙafa kafin in samu tsayuwa irin ta farko, ƙauri ya tashi. Wato mai ya riƙe, takalma ne suka fara sarewa. Na'urar auna zafi daga nesa ta nuna fayafayan gaba sun haura 400, takardun kalifa kuwa sun tsaya ƙasa da 198 da tazara mai kyau. Ma'anarsa ko da man nan ya jiƙe har iyakar ƙa'ida, takalman da ke motar yanzu ba za su iya kai shi tafasa ba kafin su kansu su gaji. Da na zuba SRF, da sakamakon yau iri ɗaya ne.

Ban tsaya da ƙafa a kan birki ba bayan gwajin. Na ci gaba da tafiya a hankali har suka huce, domin takalmi mai zafi da aka danne a wuri guda yana barin tabonsa a faifai, daga nan sitiyari ya fara rawa a ce faifai ya lanƙwashe. Zafin da ke faifai kuma yana ci gaba da ratsawa cikin kalifa bayan an tsaya, lokacin da babu iska.

Takalman gaba sun ci fiye da rabi. Siririn takalmi yana barin zafi ya isa fistin da sauri, don haka ba zan jira fitilar gargaɗi ba.

14 ga Disamba

Tsohon man yana cikin jarka daban mai rubutu a jiki, ba a haɗa shi da baƙin man inji ba, ba a kuma zubar da shi a kwata ba. Guba ne, yana da ɗan zaƙi, gidan kuma akwai yara da kaji.

Ragowar gwangwani na biyu na matse murfinsa na rubuta ranar buɗewa. Zai yi aiki idan an zo canza takalma cikin 'yan makonnin nan, inda za mu buɗe nifil yayin mayar da fistin don man da ya dahu a kalifa ya fita waje maimakon ya koma sama. Bayan wannan ba zai shiga motar ba. Canjin baɗi da sabon gwangwani za a yi. Na liƙa takarda a gefen kofi: DOT 4, Nuwamba 2024, kada a ƙara komai.

Takalman da zan saya masu jure zafi ne fiye da waɗannan, kuma hakan na nufin zafin da zai isa kalifa zai ƙaru. Zan bar takardun zafi a jiki in sake karantawa bayan an saka su. In suka kusanci 180, RBF 600 zai shiga lissafin Nuwamba mai zuwa, in Allah ya kai mu.